Injiniya Tamimu da gawar da ya raka ƙauyen masu ziyara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Injiniya Tamimu Bashari a nan Riyad. Ya faɗi ne a wurin aikinmu, a Birnin Masana'antu na Biyu, jim kaɗan da idar da sallar Azahar, ina tsaye a gefensa. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Tamimu, tun ranar ban sake shiga masana'antar nan ba tare da faɗuwar gaba ba. Mutane sun faɗi alherinka da yawa a wurin zaman makoki: ɗaliban da kake ciyarwa da azumi, da baƙin da ka sauka a gidanka na unguwar Gubaira kafin iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta fito. Ni abu ɗaya zan faɗa, domin ni kaɗai na gan shi.

Akwai wani mai walda a ƙarƙashinka, Kumaresan, mabiyin addinin Hindu daga kudancin Indiya. Ba shi da hira sai ta tsohon ɗakin bautar ƙauyensu. Ya ce da dutse zalla kakanninsu suka gina shi a kan tudu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, da tafki a gindinsa. Kowace shekara jama'a na tahowa daga nesa ba takalmi, da tulunan madara a ka. Wasu lafiya suke nema, wasu haihuwa, wasu kuma alkawari suka zo cikawa. Gidansu ne ke dafa wa masu ziyarar shinkafa tun zamanin kakan kakansa. Mu mukan tashi mu bar shi. Kai kuwa kakan zauna ka ji shi har ya gama.

Da ya mutu a wata bazara mai tsananin zafi, tsohon mahaifinsa ya roƙi a kawo masa ɗansa. Babu ɗan garinsu da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ba hutu. Kai ka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi har aka saki gawar, sannan ka ce za ka raka ta, ka kuma ce in zo mu je. Na ce, "Yaya Tamimu, mu da muke Musulmi, me zai kai mu garin bautar gumaka da gawar ɗansu?" Ka ce, "Mu'azzam, a hannuna ya yi aiki. Amana ce za mu miƙa mu dawo."

Da muka sauka Indiya muka nufi ƙauyen, ba mu san mun faɗa makon bikinsu ba sai da motar gawa ta kasa gaba. Hanya ta cika maƙil. Ganguna na tashi har ƙirjina na amsawa, goshi duk da toka da jan kwalli, wasu maza sun soke kumatunsu da siririn ƙarfe suna rangaji. Daga nesa ga ginin can a kan tudu, baƙi ƙirin, an sassaƙa siffofi a jikinsa tun daga ƙasa har sama. Sai wani ya leƙo ta gilashi, ya ga akwatin, ya ƙwalla ihu. Nan take aka kewaye mu ana dukan motar da tafin hannu. Direba na magana ba ma jin ko kalma ɗaya. Na tuna labaran rikicin addini da muke ji daga wasu sassan ƙasar, na tuna ƴaƴana, na fara kalmar shahada. Na kama rigarka da ka kai hannu ga ƙofa. Amma ka buɗe ka fita.

Ashe dangin Kumaresan ne, kuka suke yi. Suka sauke akwatin suka ɗora a kafaɗa. Can sai gangunan suka tsaya cak, muka ga ana rufe manyan ƙofofin ɗakin bautar. Wani malamin makaranta mai jin Turanci ya gaya mana cewa a al'adarsu, in gawa na cikin gari ba a buɗe wurin sai an gama da ita. Dubban mutane sun yi tattaki ƙafa na jini don su shiga ƙofar nan, ga shi zuwanmu ya rufe ta. Na jira fushinsu. Ba su yi ba. Zama suka yi a bakin tafki cikin rana, tulunansu a gabansu, wata tsohuwa ma ta miƙo mana ruwa.

Mahaifin ya riƙe hannunka biyu ya daɗe bai saki ba. Da La'asar ta yi ka nuna masa da hannu za mu yi sallah. Ya sa aka share mana gindin wata bishiya, aka shimfiɗa farin ƙyalle, shi da kansa ya nuna mana mafaɗar rana. Ba mu shiga ɗakin bautarsu ba, ba su kuma ce mu shiga ba. Mun bar garin kafin a ƙona gawar.

Kai ne ka saba tsaya mana a irin wannan rana, Tamimu, shi ya sa da taka ta zo muka yi cirko-cirko a ƙofar asibiti, kowa na kallon ɗan'uwansa. A nan Riyad aka rufe ka. Yanzu iƙamar iyalinka da ke kan sunanka tana shirin ƙarewa. Jiya Talha, babban ɗanka, ya tambaye ni da Larabci ina za su je, domin garinku Gusau a hoto kawai ya san shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya mahaifiyarka, da matarka Khalida, da Talha da ƙanwarsa Hajar. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Tamimu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka faɗaɗa kabarinsa, Ka amintar da shi daga firgicin ranar tsayuwa. Ka zama gatan marayunsa a duk ƙasar da suka sauka. Mu da muka rage a baƙunci, Ka sa mu cika da imani. Amin.