Sunan Da Inna Ta Ɓoye

Ni dai Ayashe ake ce da ni. Ayashe fa! Sai ka ce tsohuwar ƙwaryar da aka rasa mai ɗauka. Ina da sunan yanka, Hauwa'u, amma a gidanmu na Yakasai ban taɓa jin ya fito daga bakin kowa ba.

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano ne, ina 'yar shekara bakwai ko takwas. Gari ya cika da baƙi, mata kuma suka fara raina sunaye irin su Ladi da Talatu. Kowace so take a sa wa 'yarta irin sunayen da ake ji a gidajen Larabawa 'yan kasuwa, su Zubaida, su Jamila. Kakata ta wajen uba, Iya, wadda iyayenta suka zo daga Barno, ita ce gwanar wannan harka. Maza ne ke raɗa suna, amma a lungunmu sai an biyo ta ɗakinta tukuna. Takan sa mutum ya tsaya a zaure ya ƙwala kiran sunan, ita tana tsakar gida ta karkata kai tana saurare. In bai yi mata daɗi a kunne ba, an bar shi ke nan.

Ana nan sai Innata ta haifi 'ya mace. Iya ta yi kwana uku tana juya sunaye a baki, daga ƙarshe ta tsaya a kan Badi'atu. Kuma duk yaran gidan nan, ni aka tura zaure in gwada kiransa. Na kira, mata suka ɗau guɗa. Wallahi na tsani jaririyar nan. Na ƙi leƙa fuskarta, na gaya wa ƙawayena cewa kanta kamar tulu yake. Uwa ɗaya uba ɗaya, ita Badi'atu, ni Ayashe?

Ana gobe suna, bayan magariba, muka kewaye wutar da ake dafa ruwan wankan jego. A nan Iya ta saba yi mana tatsuniya, tana tura itace da ƙafa. Ban bari ta buɗe baki ba.

Na ce, "Iya, ni a juji kuka tsinto ni? A ba ni Badi'atu, ita a ce mata Ayashe, ai ba ta san komai ba."

Ta yi dariya har da tari. "Ji 'yar nema! Da wannan hancin naki za ki ɗauki Badi'atu? Matso nan. Ga wata tatsuniya ta iso bakin ƙofa."

Sauran yara suka ce ta shigo su ji. Ni na tura baki, amma na matsa.

Ta ce a wani gari an yi wata tsohuwa makauniya mai yawo da kwando. Ba ta fitowa sai da magariba, lokacin da iyaye mata ke kiran 'ya'yansu su shigo gida. Takan raɓe a lungu ta kasa kunne. Duk sunan da ya yi mata daɗi, sai ta ɗauke mai shi ta sa a kwando, ba a ƙara ganinsa. Akwai wata mata da tsohuwar nan ta ɗauke wa 'ya'ya har uku: Aminatu, da Habibu, da Sa'adatu. Da ta haifi ta huɗu, sai ta binne sunanta a ciki, ta riƙa kiranta Tsumma. Tsohuwa ta zo ta raɓe, ta ji ana cewa, "Tsumma, shigo gida!" Ta yi tsaki ta ce, me za ta yi da tsumma, ta wuce. Kullum haka, har ta manta hanyar gidan.

Na ce, "Ita Tsumma ba ta ji haushi ba?"

"Ta ji mana, har ta fi ki tura baki. Amma ta girma, ta yi aure, ta ga jikoki. Ƙannenta ma saboda ita aka samu ƙarfin zuciyar sa musu suna mai daɗi."

Ban gamsu ba, gaskiya. Abin da na riƙe kawai shi ne, sa'ad da Iya ke lissafa sunayen nan uku, na ji shessheƙar Inna daga ɗaki. Na ɗauka zafin jego ne. Washegari aka yanka rago, maroƙi ya yi ta shelar Badi'atu a ƙofar gida, ni kuwa na shige bayan rumbu na sha kukana.

Sai da na yi aure wata gwaggona ta gaya mini a cikin hira cewa ni ce ta huɗu a wurin Inna. Ta faɗi sunayen yayyena, babu wanda ya kai yaye. Su ne dai sunayen nan uku na tatsuniyar Iya. Malamai sun ce ajali na Allah ne, suna ba ya kawo shi, ba ya kore shi, na kuma yarda. Amma macen da ta binne uku, ba ni zan ga laifinta ba. Kishin kuwa bai tafi duka ba. Har yau in aka kira ƙanwata a gidan biki, na ga mutane sun waiwaya, sai na ji ɗan zafi a raina.

A ciwon ajalin Inna ni na yi jinyarta, a lokacin ina da furfura, ina da jikoki. Wata rana da la'asar ta yi ta kiran Badi'atu ta kawo mata ruwa. Na sunkuya kusa da ita na ce, "Inna, ni ma kira ni da sunana na gaskiya, ko sau ɗaya ne in ji."

Ta juya idanu ta dubi bakin ƙofa, sannan ta damƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ta ce, "Yi shiru, Ayashe. Kada a ji."