Muryar da Ke Jiran Amshi

Har yau idan na ji taɓarya ta faɗa cikin turmin da babu komai a ciki, sai tsigar jikina ta tashi. Sauti ne busasshe, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ba kowa. Shi yake mayar da ni wata Asabar a gidanmu na Jega, ranar da ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Lokacin na dawo hutu daga karatuna a Aliero. Kakata ta wajen uwa tana gidanmu, an ɗauko ta daga ƙauyensu na ƙasar Maiyama bayan wata jinya da ta cinye mata ƙarfi da yawan magana. A da ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, "'yar boko mai hannun auduga" take ce min. Amma a wannan hutun sai ta wuni kan tabarma tana kallon bango. Ko kofin kunu sai an riƙe mata.

Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk Asabar bayan la'asar. Waƙar da ake buɗe shi da ita ta fi wasan farin jini. Kiɗan rawa ne na zamani, mai sauri, har 'yan kabu-kabu sun mayar da shi ƙarar wayarsu. A ƙarƙashin kiɗan akwai siririyar muryar wata yarinya, can nesa kamar daga cikin rijiya, tana maimaita abu ɗaya: "'Yar uwa, ina taɓaryarki?" Sai ta yi shiru, kiɗa ya cike gurbin, ta sake tambaya. Mun sha rawa da waƙar, ba wanda ya taɓa lura cewa ba a ba ta amsa.

Ranar kowa ya tafi bikin suna a ƙauyen Danwarai, aka bar ni da Kaka. Zafi ake yi sosai, warin albasar da aka jibge a zaure ya cika gidan. Ɗakin Kaka na can baya, ba iska, don haka na dawo da ita falo wajen fanka. Ba ta taɓa zama kusa da talabijin ba sai ranar. Na kunna, na shiga madafa ɗora ruwa.

Waƙar ta fara. Yarinyar ta yi tambayarta. Sai na ji dum daga tsakar gida, daidai cikin shirun nan nata. Ta sake tambaya, na sake jin dum.

Na leƙo. Kaka ce tsaye kan turmi, taɓarya a hannunta, matar da ba ta iya ɗaga kofi. Turmin wayam yake. Da muryar ta sake tambaya, Kaka ta buɗe baki ta amsa da waƙa, cikin wata murya wasai da ban san tana da ita ba: "Ga ta nan tahe, ɗaga taki."

Na tsaya a bakin madafa ina kallonta. Waƙar ta ƙare, 'yan wasa suka fara surutunsu. Kaka ta tsaya da taɓarya a sama, tana saurare.

"Ta tahi," in ji ta.

"Wa, Kaka?"

"Yayata. Ta ce in jira ta mu ƙare daka, ta tahi gulbi ɗauraye ƙwarya."

Nan take na tuna. Mahaifiyata ta taɓa faɗa min cewa ruwa ya tafi da yayar Kaka tun suna 'yan mata, ko gawarta ba a gani ba.

Kaka ta jingine taɓaryar, ta nufi ƙofa, ba mayafi ba takalmi. Ta bi ta bayan gidaje, ta ratsa gonakin albasa da aka riga aka cire, ta miƙe hanyar gulbi kamar a garin aka haife ta. Na kama hannunta ina roƙo, ta fizge da ƙarfin da ya kusa kayar da ni.

"Sake ni, ɗiya. Tun yaushe take tambaya, ba wanda ya amsa mata?"

Na kira mahaifiyata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Gonakin ba kowa, sai balbelu. Ina ganin ruwan yana ƙyalli a gabanmu, Kaka kuma ba ta rage sauri ba. Sai da ƙafafunta suka taɓa jiƙaƙƙen yashi na tuna waƙar tana cikin wayata. Na tsaya a bayanta, na kunna.

"'Yar uwa, ina taɓaryarki?"

Kaka ta tsaya, ruwa na lasar idon sawunta. Ta juyo a hankali. Ba ni ta kalla ba, gefen kafaɗata ta kalla, inda ba kowa, ta yi murmushi.

"Ashe kin hito," ta ce.

Ban yarda na waiwaya ba. Da baya da baya na riƙa tafiya, kiɗan rawa na tashi a tsakiyar gonaki, tsohuwa na biye da ni tana amshi, har muka shiga gida.

A bakin turmi ta saurari muryar tana ta maimaita tambayarta, sai fuskarta ta cika da tausayi.

"Ta manta sauran. Ruwa ya wanke mata shi." Sannan ta dube ni, ni ɗin kaina, karon farko a wannan hutun. "'Yar boko, kashe wannan abu. Ɗauko taɓarya mu tuna mata."

Ta koya min baitocin yayarta ɗaya bayan ɗaya, ina bayarwa tana amsawa, muna lugude a turmin da ba ko ƙwayar gero. Tafin hannuna ya yi bororo. Da muka kai ƙarshe ta kwantar da taɓaryarta a ƙasa, ta dubi gefen kafaɗata, ta ce, "To, mun ƙare. Tahi ki huta." Ta koma tabarmarta ta yi barci.

Da na ba da labari, kawuna ya ce iskoki ne, mahaifiyata kuwa ta riƙa share ido. Waƙar kuwa ba ta sake ɗaga wa Kaka kai ba, har Allah Ya karɓi ranta da damina. Ni dai tun ranar na daina ɗaukar shirun tsoho a matsayin babu komai a ciki. Wani shirun jira ne, kuma wani lokacin abin da mai shi yake bukata kawai a tsaya a taya shi ƙarasa abin da aka bari rabi.

Sai bayan na gama karatu, na fara aiki, na ci karo da hirar da aka yi da mawaƙin da ya haɗa waƙar wasan. Ya ce muryar yarinyar daga wani tsohon faifan waƙoƙin daka ya ciro ta, wanda masu tattara waƙoƙin gargajiya suka ɗauka a wani ƙauye na ƙasar Maiyama tun kafin a haifi iyayensa. Ya ce 'yan mata biyu ne a faifan, ya da ƙanwa, ɗaya na bayarwa ɗaya na amshi. Ƙaramar tana yawan dariya a tsakiyar waƙa, shi ya sa ya yanke muryarta.