Baba Sake-Faɗa da Alamar Ɗebewa a Katin 'Yata

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa asibiti, masu shara ba su gama goge baranda ba. Ba ya tsayawa gaisuwa sai ya buɗe ɗakin gwajin jini, ya tsaya gaban firij ya karanta ma'aunin sanyi, ya rubuta abin da ya gani a takardar da ke manne a ƙofar. Daga nan ya sa farar rigarsa, ya wanke farin tayil ɗin da yake ɗiga jini a kai, ya jera kwalabe, sannan ya leƙo waje ya ce wa jama'a ina kwana. Shekara talatin da huɗu yana haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya, kuma in ban rubuta wannan yanzu ba, na san halina, ba zan taɓa rubutawa ba.

Ni ma'aikacin ɗakin kati ne. Aikina jera katin marasa lafiya da nemo shi in an buƙata, kuma tsakanin ƙofata da tasa taku arba'in ne. Mu muka sa masa suna Baba Sake-Faɗa. Dalili kuwa, ba ya ɗibar jinin kowa sai ya tambayi sunansa da sunan mahaifinsa, ya rubuta a jikin kwalba, ya ɗago ya ce, "Sake faɗa." Ko ya san ka tun kana rarrafe, sai ka faɗa sau biyu. An ce ɗan cikinsa ma da zazzaɓi ya kawo shi bai tsira ba. A lokacin hutun rana mukan kwaikwayi muryarsa muna dariya, kuma duk asibitin babu wanda ya kai ni iyawa.

Shugabar nas-nas ta ɗakin haihuwa ba ta taɓa yin dariyar ba. Ita ce ta ga ranar da wani sabon likita ya shigo masa da gudu, riƙe da kwalbar jini babu rubutu a jiki, yana cewa a haɗa wa mai gado na shida ledar jini biyu maza. Baba ya ce a koma a sake ɗiba a gabansa. Likita ya harzuƙa ya ce, "Ni na ɗiba da hannuna, na san nata ne!" Baba ya ce, "Kai ka sani, likita. Kwalbar ba ta sani ba." Da aka koma, sai ga mata biyu masu suna iri ɗaya, gado na shida da na tara, jininsu bai haɗu ko kusa ba, kuma kwalbar ta mai gado na tara ce. Shugabar ta ce ba don taurin kan tsohon nan ba, da a ranar sun rufe wata baiwar Allah da mayafi.

Direban motar asibiti kuma yana da nasa labarin. Baba yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta mutanen da jininsu ke da wuyar samu, waɗanda suka yarda a kira su in an shiga matsi. Direban ya ce ya sha kai shi da rana tsaka shagon wani kafinta, ko wajen wata mai ɗinki, ya tsaya yana roƙo kamar shi ne mara lafiyar. Waɗanda aka ƙara wa jinin ba su ma san da shi ba, likita suke yi wa godiya.

To, wannan abin da wasu suka gani ke nan. Nawa ya fi nauyi, kuma babu daɗin faɗi.

Shekara goma sha takwas da suka wuce matata ta haifi 'yarmu ta fari. Jaririyar ta ɗan yi ciwon shawara, aka gwada jininta, katin ya iso teburina kamar kowane kati. Na buɗe ina murna, sai idona ya faɗa kan rukunin jini. A gefen harafin akwai alamar ɗebewa, abin da a asibiti muke ce wa negatif. Ni nawa alamar tarawa ce, fositif. Na zaro katin matata, ita ma fositif. Na zauna na yi lissafina na mai jera kati: tarawa da tarawa ina za su haifi ɗebewa? Ban tambayi kowa ba, don a ganina mutumin da ya shekara shida yana karanta kati ya wuce tambaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa da hannuna na sa wa wuyana.

Wata biyu ban ɗauki yarinyar ba. In ta yi kuka sai in tashi in fita tsakar gida. Matata ta yi ta tambaya ko wani abu ya faru a wurin aiki, har wata safiya tana sa wa jaririyar riga na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yarinyar nan ta wa ce?"

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta gama ɓalla maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ta ninke kayanta, ta goya 'yarta ta tafi gidan yayanta. Magana zarar bunu ce, kuma tawa ta riga ta fita.

Yayan nata ya aiko mini cewa in kawo hujja ko in kawo takardar saki. Shi ne na taka takun nan arba'in. Na sami Baba shi kaɗai bayan azahar, na ajiye katuna uku a gabansa, na ce ya rubuta mini a takarda cewa fositif biyu ba sa haifar negatif. Ya duba katunan, ya dube ni, ya tashi ya tura ƙofa.

"Mai Kati, wa ya koya maka wannan?"

"Baba, shekarata shida ina karanta kati."

"Kana jera kati dai," ya ce. "Miƙo yatsanka."

Ko a wannan halin sai da ya sa na faɗi sunana sau biyu. Ya ɗiga jinina a kan tayil, ya ɗiga wani ruwan magani, ya gauraya da tsinke. Nan da nan jinin ya yi gudaji-gudaji.

"Ka ga wannan dunƙulewar? Kowace jar ƙwayar jini tana da tantani da ya lulluɓe ta. A jikin tantanin naka akwai wani furotin a maƙale, mu muna ce masa D. Shi maganin nan ya kama. Wanda yake da shi fositif ne, wanda ba shi da shi negatif. Iyakar abin da tayil ɗina yake gani ke nan."

Na ce ai abin da nake faɗa ke nan, ni ina da shi, uwarta tana da shi. Sai ya zaro sababbin katuna biyu daga aljihun rigata, ya rubuta D a kan ɗaya, ya bar ɗayan fanko, ya ɗora mai rubutun a sama.

"Umarnin ƙera furotin ɗin yana cikin ƙwayar gado. Kowa kati biyu yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya yana da rubutu, jini zai nuna fositif, ko da na ƙasan fanko ne. Ɗa kuma kati ɗaya tak yake karɓa daga hannun kowannenku." Ya zare na ƙasan ya sa mini a tafin hannu. "In ka ba ta wannan, uwarta ma ta ba ta irinsa, me za ka gani a katinta?"

Amma girman kai bai sake ni ba. Na ce ta yaya zan san ina da fankon? Ya ce tayil ɗinsa ba zai nuna mini ba, kuma gwajin nan ba ya cewa wane ne uban wane. "Abin da yake cewa kawai, ba ka da hujja. Takarda kuwa ba zan rubuta ba, don ƙarya ce. In kana son ƙarin haske, ka tambayi mahaifiyarka, in ta yarda a gwada ta."

Washegari na kawo Inna, na ce mata wani gwaji ne na dangi. Muna shiga, Baba ya miƙe ya ce, "Sunanki?" Ta yi dariya ta ce, "Kai da sake-faɗanka! Shekara bakwai kana zuƙe mini jini, har yau ba ka haddace ba?"

Ashe tana cikin littafin nan mai baƙin bango. Negatif ce. Duk zuwan da take yi tana ce mini awon hawan jini, jini take bayarwa, ta ɓoye don ta san zan hana. Baba ya san haka tun lokacin da nake tsaye a gabansa ina zuba, amma bai tona sirrinta ba, ya bari ta faɗa da bakinta. Uwar da ba ta da furotin ɗin kuwa ba ta da abin ba ɗanta sai fanko. Katin da nake nema a hannun wani ƙato a waje, tun ina ciki yake hannuna.

Inna ta ga katin jaririya a kan tebur, ta ga fuskata, ta gane. Ta zauna a kan benci a hankali.

"Don wannan ne 'yar mutane ta bar gida?" ta ce. "Kai, ɗan nan. Ƙannenka uku na binne, kowanne ya yi rawaya ya tafi kafin mako. Dangin ubanka babu abin da ba su ce mini ba. Sai da na tsufa wannan bawan Allah ya zaunar da ni ya ce jinina ne da nasu ba su jitu ba, ba laifina ba ne, kuma yanzu akwai allurar da ke hanawa. Shekara ashirin ina ɗauke da zargi a kan jinin nan. Na sauke, kai kuma ka sunkuya ka ɗauka ka ɗora wa wata?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya juya mana baya yana wanke tayil ɗin da ya riga ya wanke.

Inna ce ta je ta dawo da matata, ba ni ba. Da ta shigo ta ce mini, "Don yarinya na dawo. Kai kuwa sai ka jira." Na jira, kuma ba wata ɗaya ko shekara ɗaya ba.

Ga kunya ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗewa. Ban taɓa yi masa godiya ba. Shekara goma sha takwas ina zagayawa ta bayan ɗakin magani don kada in bi ta ƙofarsa. Kuma ban daina kwaikwayonsa ba, don ina tsoron in na daina a tambaye ni dalili. Shi kuwa duk lokacin da muka yi kiciɓis sai ya ce, "Mai Kati, ya yarinyata?" ya wuce.

Baba, kai ne ka riƙe aurena da katuna biyu na banza. Kai ne ka san mafi munin abin da na taɓa yi, a wurin da magana ba ta kwana, kuma ko bango bai ji daga bakinka ba. Ka ji ina kwaikwayon muryarka ta taga, na san ka ji, ka ci gaba da aikinka. Sannu, mai tambaya sau biyu. Mun ɗauke ka mai nawa, ashe mu ne masu gaggawar kuskure.

Da na ji ritayarsa ta zo, na nemi izinin matata in rubuta wannan. Ta ce, "Rubuta. Amma 'yarka za ta ji daga bakinka kafin duniya ta karanta, kuma ka faɗa mata kalmar da ka faɗa mini, kada ka gyara." Na zaunar da yarinyar ranar Litinin da la'asar na faɗa mata duka. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta ce mini Baba ba, ba ta ce mini komai ba.

Ranar Juma'a da safe ta sa takalmi ta ce, "Raka ni asibiti." Ta cika sha takwas, kakarta kuma tsufa ya hana ta bayarwa, tana so ta maye gurbinta a littafin. Muka sami Baba yana haɗa 'yan kayansa a kwali. Ya ajiye kwalin, ya ɗauko kwalba da biro.

"Sunanki?"

Ta faɗa.

"Sunan mahaifi?"

Ta juyo ta dube ni. Na ji firij yana ƙugi. Sannan ta faɗi sunana, a hankali, kamar tana gwada nauyinsa. Baba ya rubuta, ya ɗago.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, har nas ɗin da ke wucewa ta waigo.

Na gode, Baba, ko da godiyar ta makara da shekara goma sha takwas. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Ku kuma da kuka gaji tayil ɗinsa da littafinsa, da mu masu jera kati muna zaton mun san jini, mu koyi tambaya kafin mu yanke hukunci, in an ba mu amsa mu sake tambaya. Ni dai na shekara ashirin da huɗu ina yi wa kalmomin nan biyu dariya, ranar Juma'a kuwa na tsaya a bakin ƙofa ina addu'a a raina ya sa ta faɗa karo na uku.