Rumbu Ya Ƙi Buɗuwa

Kunnuwa ake ce masa a gidan rediyo, don da wuya ka ga kansa ba na'urar saurare. Aikinsa tace murya: ya yanke tari, ya rage dogon shiru, ya miƙa shiri ga masu watsawa. Mutum ne marar hayaniya, ko dariyarsa sai ka matso.

Kwamfuta ɗaya gare su shi da matarsa, ma'aikaciyar jinya da ke rubuta kundin kammala karatu. Shi ya raba ta gida biyu, tsarin Linux nasa, tsarin Windows nata, ya ware wani sashe a tsakiya inda kowa ke ajiya. Rumbu suke ce wa sashen.

Wata safiya ya kunna ɓangarensa don ya ƙarasa tace hirar wata tsohuwar ungozoma, wadda za a sa da rana. Hirar na cikin Rumbu, Rumbu ya ƙi buɗuwa. Ashe matar ba ta kashe Windows ba, barci ta sa shi ta fita a guje, Windows ɗin kuwa ya riƙe sashen gam. Kalmar sirrinta bai sani ba. Ya kira ta, waya a kashe, tana ɗakin tiyata.

Sai ga kiran shugaban shirye-shirye. "Kunnuwa, ina hirar?"

"Tana hanya, ranka ya daɗe."

"Hanyar ina? Tsohuwar nan ta tara jikokinta gaban rediyo."

Ya san umarnin da zai ɓalle rumbun da ƙarfi. Amma duk abin da matar ta bari a buɗe ba ta adana ba, to zai salwanta, kuma ya san halinta, takan rubuta babi guda ba ta tuna da adanawa ba. Ya rubuta umarnin. Yatsansa na kan maɓalli, wayar na ta ruri a kan tebur.

Sai ya goge umarnin. Ya lallaɓa ya buɗe sashen ta hanyar da ake kwafa kawai, wadda ya fara tacewa ta ƙi kwafuwa, sai ya kwashe ɗanyar hirar, ya soma tacewa daga farko. Bai gama a kan lokaci ba. Kiɗa aka sa, aka ɗaga hirar zuwa washegari, ya sha faɗa a gaban ma'aikata.

Da yamma matar ta dawo a gajiye, ta tashi Windows. Babin na nan a buɗe, ba a adana ba. Ta danna adanawa tana hamma.

"Baban yara, lafiya na ganka wani iri?"

"Gajiya ce," ya ce. "Ki riƙa kashe ta gaba ɗaya, don Allah."