Sekuru Gwenzi da Usur ɗin Ƙarfe Uku

Ni ne sahwiran Tapera Gwenzi, wato aminin da aka yarje wa ya zage shi ko a gaban surukansa, kuma ni zan binne shi in ya riga ni. Ba na jin zai riga ni, don bai taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin raba wasiƙu a keke a Masvingo, har ranar da ya kai wa wata mata katin biki ta ce masa amaryar ta haihu. Aka sallame shi. Ya koma aski a gindin bishiya, wani ya rantse gefen da aka fara aske masa ya tsiro kafin a gama ɗayan. Matarsa Mai Rudo, wato uwar Rudo, kuwa ta saba ɗumama masa sadza, tuwon masararmu, sau biyu a zama ɗaya. Yanzu shekarunsa sittin da takwas, kowa Sekuru, wato kaka, yake ce masa, kuma nawar nan ba abin da ya ragu.

Wata biyu kaɗai yake da rana a shekara, Yuni da Yuli, lokacin hunturu a ƙasarmu. In sanyi ya shiga ruwan tafkin Mutirikwi, kifin bas sai ya lafe a ƙasa cikin matattun itatuwa, ba ya bin abin da ke gudu. Masu jiragen inji sai su yi ta jifa suna naɗewa kamar ana korarsu, su tashi a tutar babu. Shi kuwa Gwenzi zai jefa tsutsar robarsa, ya ja ta tsawon ɗan yatsa, ya huta, ya sha shayi, ya sake ja. A tafkin nan kaf, kifi ne kawai ya fahimci mutumin nan.

Matsalar ita ce gasar hunturu ta kulob ɗinmu. Ƙarfe uku daidai Mai Shumba, tsohuwar shugabar makaranta, take busa usur. Wanda bai ɗora kifinsa da rai a sikeli da hannunsa ba kafin nan, sai ya mayar da shi ruwa ba awo. Shekara tara a jere Gwenzi ne ke kama mafi girma, shekara tara yana isowa ana kwashe kujeru. Akwai allon katako a bangon kulob mai sunayen zakaru, na mutanen da ba su kai rabinsa ba.

Ranar gasar bana da safe muna tura jirgi ya ce, "Sahwira, ina so in ga sunana a allon can kafin ka binne ni."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga ba wasa yake ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Iskar ranar ba ta da mutunci. Ruwa na dukan jirgi, yatsuna sun ƙage, hancina na zuba. Biyu da kwata sandar fatsarsa ta lanƙwashe.

"Jawo shi mana, tsohon kunkuru!"

"Haba, bar shi ya gama shawara."

"Shawarar me? Da uban wa zai yi shawara a ƙarƙashin ruwa?"

Minti ashirin suka yi suna lallaɓa juna kafin kifin ya shigo, bakinsa ya isa dunƙulen hannuna ya shige. Muka sa shi a bahon ruwa. Na ja igiyar inji, inji ya yi tari ya yi shiru. Na ja har kafaɗata ta amsa, a banza. Allah Ya sa iskar wajen kulob ta nufa, sai na ɗaure bargon Mai Rudo tsakanin filafilai biyu, na tsaya na riƙe, ina rawar sanyi ina tsine wa Gwenzi da kakanninsa. Shi kuwa yana tambayar kifin ko ruwan ya ishe shi.

Uku saura minti huɗu muka daki gaɓa. Taku arba'in ya rage zuwa sikeli. Gwenzi ya sauko da baho, ya yi taku biyar, ya hango dattawa a zaune. Sai bawan Allah ya ajiye baho, ya rusuna, ya fara tafa hannu.

"Barkanku da rana, iyayena. Kun wuni lafiya?"

"Mun wuni in ka wuni. Wuce, Gwenzi, wuce!"

"Yaya ƙafar kakarmu Mbuya?"

"Ta warke tun bara! Ɗauki bahon!"

Ya ɗauka, ya yi taku uku, ya ga wani dattijon, ya sake ajiyewa. Mai Shumba ta kai usur bakinta. Ni dai ƙafafuna sun mutu da sanyi, ihu kawai nake.

Munashe ne ya fara tashi, mai jirgin inji biyu, wanda kifinsa ke kan gaba a lokacin. Ya leƙa baho, ya kama kai, ya ce, "Kai, wannan ba da ni za a yi ba. Ku kama min tsohon nan!"

Ƙarti huɗu suka sungume shi da bahon a cinyarsa suka ruga. Ruwa na fantsama, tabaransa ya faɗi wani ya taka, shi kuwa yana ta cewa, "Ku sauke ni, ban gaida Baba Moyo ba!" Suka dire shi gaban sikeli, ya ɗora kifin, usur ya tashi. Kilo huɗu da ɗigo takwas. Munashe ya sha kaye da kusan kilo guda, kuma shi ya fi kowa tsalle.

Bayan an mayar da kifin ruwa, Mai Shumba ta ɗauko farin fenti ta hau kujera ta rubuta. Gwenzi ya tsaya gaban allo yana ƙifta ido, wandonsa na ɗiga.

"Sahwira, ba tabarau. Karanta min."

"Tapera Gwenzi, kilo huɗu da..."

Ya riƙe min hannu.

"A hankali mana. Ina za ka? Sake daga farko."