Tsohuwar jif ɗinmu da autan Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu, tsohuwar jif ɗin da mahaifinmu ya rasu ya bari ta kusa raba kan gidanmu. Da aka zo rabon gado ba wanda ya ɗauke ta. Muka yarda a bar ta a gida, a ƙauyenmu da ke gefen Fagam, saboda mahaifiyarmu. Inna tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, kuma likita yana son ganinta a kai a kai a babban asibitin Birnin Kudu. Ba ta iya hawa babur, motar haya kuwa in aka matse ta a ciki sai ta yi kwanaki ba ta taka ƙafar ba.

Yadda muka raba aikin ba wuya. Babban yayanmu, mai shagon taki da maganin feshi a Gwaram, shi ke zuba mai, kuma da kansa yake tsayawa a gidan mai har a gama. Ni nake tarbar su in sun iso asibiti. Autanmu shi ne direba. Wannan auta namu ya ba mu wahala a samartakarsa. Ya bar makaranta, ya bi abokai Kano, ya dawo ko takalmin kirki babu. Amma a lokacin da nake ba ku labari ya natsu, ya yi aure, yana noma, yana ɗan taɓa acaɓa in aikin gona ya yi sauƙi. Makullin motar nan shi ne amana ta farko da aka damƙa masa tun dawowarsa, kuma ya riƙe ta hannu biyu. Mukan tsokane shi da cewa motar ta fi shi samun wanka.

Sai motar ta fara shan mai. Da ma jif ba ta san tsimi ba, mun saba da halinta, amma wannan ya wuce hali. Man da a da yake kai su Birnin Kudu ya dawo da su har da saura, yanzu da ƙyar suke shiga ƙauye, fitilar mai tana kunne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya biyo ta gidana. Ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba.

Ya ce, "Malam, yaron nan zuƙar man nan yake yi." Tun da na fara koyarwa Malam suke kirana a gida, har shi.

Na ce, "Haba Yaya, ka gani da idonka?"

"Sai na gani? Yana da babur, kuma ka san inda aka fito da shi. Ranar da zai sake kawo Inna asibiti zan karɓi makullin, in nemo direba."

Na san abin da hakan zai jawo. In aka karɓe makullin nan a kan zargin sata, autanmu ba zai sake kwana a ƙauyen ba, kuma wannan karon da wuya ya dawo. Inna kuwa ba sai an gaya mini inda jininta zai kai ba. Ban yarda da maganar Yaya ba, amma ba ni da abin da zan kare yaron da shi. Sai na roƙe shi ya bar mini motar kafin ranar asibitin. Ya yi tsaki, ya ce in gwada.

Na ce wa auta ya kawo motar zan sa a yi mata sabis. Ya kawo, ya miƙo makullin yana ta jaddada mini cewa ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu.

To ni ilimina na mota bai wuce sanin inda ake zura makulli ba. Binciken farko da na yi shi ne na cika tanki, na faka ta a ƙofar gida, na shimfiɗa kwalaye a ƙarƙashinta don in ga ko tana yoyo. Kowace safiya sai in durƙusa da jallabiya ina leƙe ina sansana kwali. Maƙwabcina ya gaji ya tambaye ni ko kaza ce ta yi ƙwai a can. Ko ɗigo ban gani ba.

Daga nan na tuƙa ta da kaina zuwa wani taron suna a Maruta. Kafin in dawo, allurar mai ta sauka a kan idona, makulli kuma bai bar aljihuna ba. Wallahi ban taɓa murnar ƙarewar mai ba sai ranar. Na kira Yaya da zumuɗi na ce to ga shi, a hannuna ma haka take sha, sai dai in ni ma ɓarawon ne.

Ya ce, "Kai tuƙi ka iya? Da giya ɗaya kake zuwa ko'ina. Ko keke aka ba ka sai ya sha mai."

Na ji haushi, amma akwai gaskiya a ciki. Na gane cewa Yaya ba zai sauko ba sai an nuna masa abin da ya lalace ya taɓa da hannunsa.

Akwai abokina bakanike, tare muka yi firamare, garejinsa yana ƙarƙashin wata bishiyar maina a hanyar kasuwa. Na kai masa, na gaya masa komai. Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Tayoyin duk iskarsu ta yi ƙasa, domin auta yakan rage ta saboda yashin hanyarmu da kuma don kada gargada ta wahalar da Inna. Aka ƙara. Matatar iska ta toshe da ƙasa, aka canja. Ya ɗaga motar ya juya tayoyin ko birki yana riƙewa, ba ya riƙewa. Ya kwance fulogai, suka fito baƙi ƙirin, muka sa sababbi. Na tafi ina murna, na ce an gama. Bayan 'yan kwanaki na koma, ya sake kwancewa, sababbin ma sun yi baƙi. Ya sa yatsa a bakin salansa, inda hayaƙi yake fita, ya fito kamar ya shafi gindin tukunya.

Ya ce, "Malam, man nan a ciki take ƙona shi, ba a waje ake sha ba. Amma abin da ya sa, har yanzu ban kamo shi ba."

Ranar asibiti tana matsowa, ni kuma abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta ce tun da motar nan ta zo gidan ba a ganin fuskata sai ƙafafuna a ƙarƙashinta.

Sai wata safiya abokin nawa ya ce zai je Gwaram duba wata tarakta, in kai shi, ya ji motar a kan doguwar hanya. Damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Mun yi nisa sosai, yana ta sauraron injin, sai ya leƙo gabana ya ce in tsaya.

"Allurar zafin nan, tun yaushe take kwance a ƙasa haka?"

Na ce, "Kullum a nan take. Ai abin da nake yaba wa motar ke nan, ba ta zafi."

Ya yi dariya, ya sauka ya buɗe bonet. Fanka tana ta gudu kamar za ta tashi sama. Ya dafa babban tiyon lagireto da tafin hannunsa, ya ce in dafa. Ɗumi kawai na ji, bayan duk tafiyar da muka yi.

Ya ce an cire mata tamostat, an kuma haɗa fankar kai tsaye. Ya yi mini bayani cewa wani ɗan ƙaramin abu ne da yake tare ruwa har sai injin ya ɗauki zafin da ya dace da shi. In babu shi, injin ba ya taɓa ɗumama sosai, sai kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu ba a gama tashi ba, ta yi ta ƙara mai, kamar babur ɗin da aka manta an bar cok ɗinsa a jawe. A wajenmu kuwa da zarar bazara ta kama, mai mota zai zo ya ce a cire masa, wai na ƙasashen Turawa ne masu sanyi.

Ya ce, "Ni kaina na cire wa mutane ba adadi, su suke nema. Shi ya sa ma hankalina bai kai can ba. A gareji kuma ban taɓa kallon allurar ba."

Muka ƙarasa Gwaram, muka tsaya a shagon Yaya. Bayan gaisuwa abokina ya ce, "Alhaji, wa ya cire wa motar nan tamostat?"

Yaya ya gyara zama. "Ni na sa aka cire. A bazarar da ta wuce muna hanya da Inna allura ta haura. Na ce ba zan bari mota ta tsaya da tsohuwa a tsakar rana ba. Tun daga lokacin ka ji ta sake zafi?"

"Ba ta sake ba, Alhaji. To shan man fa, yaushe ya fara?"

Yaya ya ƙirga watanni da yatsunsa, lissafin ya tsaya a kan bazarar nan. Ya daɗe yana kallon buhunan taki. Can ya ce, "Ikon Allah." Ya juyo wajena ya rage murya, "Yaron ya san abin da na faɗa?" Na ce ban gaya masa ba. Ya ce kada in gaya masa.

Aka aiko da sabon tamostat daga Kano, aka mayar da fanka yadda take, aka wanke lagireton, domin ashe datti ne ya toshe shi har ta yi zafin nan na bazara. Yaya da kansa ya zuba mai ya shiga muka yi doguwar tafiya, idonsa a kan allura har muka dawo. Da muka sauka, sai ya ce in mayar wa yaron motarsa. Wannan kalma ta "motarsa" ta ishe ni.

Ranar asibiti auta ya kawo Inna lafiya. Tana layin ganin likita, mu kuma muna zaune a benci a waje. Auta ya ce allurar zafi ta tsorata shi, yanzu har tsakiya take kaiwa. Na ce nan ne wurinta, na kwashe bayanin abokina na juye masa kamar ni na gano. Ya saurara har na gama, sai ya sauke ajiyar zuciya.

Ya ce, "Yaya Malam, ke nan yanzu zan iya daina ƙarawa?"

Na ce, "Ƙara me?"

"Mai. Tun da ta fara sha, duk abin da na samu a acaɓa sai in saya a galan in ƙara mata a hanya, don kada a ga ya ragu da yawa. Amma ta fi ƙarfina." Ya ɗan yi murmushi yana kallon ƙasa. "Na san in mai ya ɓace a gidanmu, ni za a fara kallo."

Na tashi na ce bari in duba ko layin Inna ya matso, don kada ya ga idona.

Na gaya wa Yaya wannan magana. Ba mutum ne mai ba ƙani haƙuri da baki ba, kuma bai bayar ba. Amma daga ranar ya daina raka motar gidan mai. Sai ya miƙa wa auta kuɗi a shago, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da cinikinsa.

Har yau in na tuna, godiya nake yi wa Allah, ina jin nauyi yana sauka daga ƙirjina kamar ranar abin ya faru. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Yaya don tsoron kada mota ta tsaya da Inna ya sa aka taɓa injin, auta don tsoron zargi ya yi ta zuba guminsa a tanki, kuma saura kaɗan a kore shi a kan haka. Abin da na koya shi ne, wanda ya taɓa yin laifi a gida yakan ci gaba da biya a ɓoye, ko da ba wanda ya ce ya biya. Inna tana nan da ranta, ta tsufa sosai, auta ne har gobe yake kawo ta ganin likita. Ba ta san an taɓa yin wannan magana ba, kuma mu ukun ba mai niyyar gaya mata.