Maki Sittin da Bakwai na Yaya Iliyasu

Yayana Iliyasu mutum ne da ba ya faɗin abin da idonsa bai gani ba. Ko tambayarsa ka yi ko an yi ruwa a Minjibir, ga mutane suna dawowa daga can jiƙe sharkaf, sai ya ce maka, "Haka na ji ana faɗa." Tun muna yara wannan hali nasa yake ƙona mini rai. Amma saboda halin ne duk rigimar iyakar gona a ƙauyenmu, Tsamiyar Jaji, sai an kira shi, tun bai kai shekara ashirin da biyar ba. In ya nuna wuri ya ce nan iyaka take, magana ta ƙare.

Shekarar da ya gama sakandare Baba ya rasu, ya bar mana gona ɗaya a bayan gida. Ba wata babba ba ce, kana wannan gefe za ka yi hira da na wancan gefe ba tare da ɗaga murya ba. A wajenmu gona tana manne da gona, babu daji, babu inda za ka je ka sare sabuwa. Da wannan 'yar gonar Yaya ya riƙe Inna, ya riƙe ni har na zama malamar firamare, ya auri Rahmatu, suka haifi yara biyu. Kowace bazara yana bayan jakinsa, mangala bayan mangala ta taki, har fatar ƙafarsa ta tsattsage.

Sai shekarun nan na tsada suka zo. Takin zamani ya gagari talaka, kuɗin mota ya gagara, rumbunmu ya koma ƙarewa tun kafin ruwan farko. Tuwo ya zama sau ɗaya a yini. Na sha ganin Rahmatu tana cika wa yara ciki da kwaɗon rama, ita kuma ta ce ta ƙoshi. Ƙarya take, kowa ya sani.

Cikin wannan hali aka sanar cewa wata kwalejin aikin gona a birni za ta ɗauki ɗalibai. Karatun shekara biyu ne, da abinci da alawus, in ka gama a ba ka aikin malamin gona. Sharaɗi, kada ka wuce shekara talatin, Yaya kuwa yana cikin ta talatin ɗin. Akwai jarrabawar shiga, rabinta tambayoyin tunani ne, irin waɗanda na sha fama da su lokacin nawa karatun. Na samo littafin tsofaffin tambayoyi na ce, "Yaya, ni zan koya maka."

Kullum bayan la'asar muna zaure, ina karantowa yana amsawa. Ɓangaren gano raunin hujja kam, ko ni ban kama ƙafarsa ba. In littafi ya ce wani gari sun canza iri suka samu amfani, don haka irin ne ya jawo, kafin in rufe baki ya ce, "Ruwan shekarar fa? Wa ya ce ba shi ne ba?" Daidai kuwa. Ɗaya ɓangaren ne ya kusa sa ni hawan jini.

Na karanto masa: "Duk gonar da aka zuba wa taki tana ba da amfani mai yawa. An zuba wa gonar Basiru taki. Me za a ce game da gonar Basiru?"

Ya ce, "Wane Basirun?"

"Ba kowa ba ne, Yaya. Basirun takarda ne."

"To ni ban ga gonarsa ba. Kuma maganar farkon ma ƙarya ce. Bara mangala nawa na zuba, ciyawar wuta-wuta ta cinye geron?"

Na buga littafin a tabarma. "Haba Yaya! Ba shaida aka kira ka ba! Ba ruwansu da gonarka. Cewa suka yi ka ɗauka maganar farko gaskiya ce, ka faɗi abin da ya biyo baya. Ko cewa suka yi duk jakuna suna da ƙaho, ka ce to!"

Ya dube ni kamar na ce ya sha giya. Ya ce, "Sauda, in sa hannuna a kan ƙarya?"

Wata biyu muna wannan dambe. Na yi faɗa, na yi lallashi, ranar nan har kuka na yi don takaici. Na ce masa yunwar 'ya'yansa ba ta san gaskiya da ƙarya ba, maki kawai za su fitar da su. Wannan maganar ce ta shige shi. Wata ranar Laraba na gwada shi, na ce, "Duk jakuna suna da ƙaho. Yaya yana da jaki." Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To jakina yana da ƙaho. Astagfirullah." Na yi guɗa har Inna ta leƙo tana tambayar wa ya haihu. Daga ranar bai ƙara faɗuwa tambaya irin wannan ba, ni kuwa sai fahariya nake yi na gyara Yaya.

Ya rubuta jarrabawa cikin bazara. Sakamako ya fito, maki sittin da bakwai. A takardar sanarwar kwalejin kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya samu sittin zuwa sama za a ɗauke shi. Sunaye sai bayan mako shida za a kafe, karatu kuma a fara tsakiyar damina.

A nan gona ta shigo. In Yaya ya tafi, ba mai noma ta, mu duka mata ne da ƙananan yara. Maƙwabcinmu Abdulƙadir, wanda gonarsa take jikin tamu, ya zo neman aro, kuma yana son amsa da wuri, don taki kafin ruwa ake kai shi. Al'adar garinmu kuwa, wanda ya zuba taki a gonar aro sai ya ci damina uku kafin mai ita ya karɓa, saboda ƙarfin taki ba ya ƙarewa a shekara ɗaya. Ba wanda ya fi Yaya sanin wannan. Sau biyu yana tsayawa shaida a gaban mai unguwa a hana mai gona ƙwace gonarsa kafin lokaci.

Inna ta ce, "Iliyasu, ka bari ka ga sunanka da idonka."

Wallahi ya so ya bi maganarta, na gani a fuskarsa. Ni ce na hana. Ni, da bakin nan nawa da ba ya gajiya. Na ce, "Yaya, maganar farko, duk wanda ya samu sittin za a ɗauke shi. Ta biyu, ka samu sittin da bakwai. Me ya biyo baya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Za a ɗauke ni, Malama."

Washegari ya ba da gonar a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Tun da aka haife shi, ranar ce ta farko da ya yi aiki da maganar da bai gani ba.

Gero ya kai gwiwa ranar da aka kafe sunaye. Ya shiga motar birni da sassafe, ya dawo bayan azahar, ya zauna a zaure bai ko cire takalmi ba. Sau uku ya karanta takardar daga sama har ƙasa, in ji shi. Wani ma'aikaci ya gaya masa waɗanda suka haye sittin sun fi ɗari uku, gurbi kuwa arba'in ne, sai aka ɗebo daga sama. Na ƙarshen da aka ɗauka yana da saba'in da ɗaya. Yaya ya nuna masa takardar sanarwa, mutumin ya ce ai lokacin da aka rubuta ta ba a zaci mutane za su ci haka ba. Baɗi kuma shekarunsa sun wuce.

Na zari mayafi na nufi gidan Abdulƙadir, ina tafe ina huci. Na tarar da mutumin da shi ma baki tara yake ciyarwa, ya sayar da akuyarsa ya sayi takin da ya zuba. Na ajiye faɗan da na ɗauko, na gaya masa ba a ɗauki Yaya ba. Ya ce, "Malama Sauda, ni ba zan ci amanar maƙwabtaka ba. In Iliyasu ya zo da kansa ya ce in bar masa, na bar masa."

Na dawo da gudu na gaya wa Yaya. Ya girgiza kai. Ya ce, "Mutum biyu na tsaya a kansu aka hana su gonakinsu. Ɗaya har yau ba ya amsa gaisuwata. In je in nemi abin da na hana su?" Na yi magiya, Rahmatu ta yi kuka, bai je ba.

Kafin a yi girbi ya sayar da jakin, ya tafi dako kasuwar hatsi ta Dawanau. Rahmatu da yara suka koma gidan iyayenta a Rimin Gado kafin abubuwa su daidaita, Inna ta dawo hannuna. Gonar kuwa ta yi geron da ba ta taɓa yi ba. Abdulƙadir ya kawo wa Inna dami biyar na godiya, ta karɓa ta sa albarka, yana fita ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Da kaka na je Dawanau nemansa. Da ƙyar na gane shi, ya rame, wuyansa ya yi kanta, kansa fari fat da ƙurar hatsi. Na yi ta shirya magana a mota, da na gan shi duk ta gudu. Abin da na iya cewa kawai, "Yaya, ka yafe mini. Ni na kai ka."

Ya goge fuska da gefen rigarsa. Ya ce, "Ba ki koya mini ƙarya ba, Sauda. Amsar daidai take. Maganar farkon ce ban je na gani ba."

Wani daga kan babbar mota ya ƙwala masa kira. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya tambaye ni ko Abdulƙadir ya bar karan geron a gonar ko ya kwashe. Na ce ya bari. Ya ce, "Madalla, zai riƙe ƙasar. Saura damina biyu." Ya duƙa, aka ɗora masa buhun geron wani.